Na ƙara lebura, manhaja ta rage min kwanakin filasta

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da Microsoft Project, manhajar tsara jadawalin aiki. Ajujuwa uku muke ginawa, ni aka ɗora wa tsara jadawalin aikin. Filastar ciki na ƙiyasta ta awa 80, na sa birkila ɗaya, ta ba ni kwana 10. Har nan lafiya. Da na ƙara masa leburan da zai riƙa kwaɓa siminti, sai kwanakin suka koma 5. To lebura ai ba ya yaɓa bango, ta yaya zai rage aiki? Sannan ga wani ɗan jan mutum ya fito a gefen ayyukan mai wayarin ɗinmu. Me yake nufi?

Baba_Kwangila:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Manhajar ba ta san birkila ba, ba ta san lebura ba. Lissafi ɗaya take yi: yawan awannin aiki shi ne tsawon lokaci sau yawan ma'aikata. Ka ce mata awa 80, ka ba ta mutum biyu, sai ta raba musu 40-40. Da alama nau'in aikin naka a kan Fixed Work yake, wato jimlar awannin aikin ba ta canjawa, shi kuwa dole ne ya raba awanni tsakanin duk wanda ka ƙara, ba ma zai bari ka kashe wannan ba.

Cire leburan tukuna. Buɗe bayanin aikin, ka mayar da shi Fixed Duration, wato kwanakin aikin ba sa canjawa, ka cire alamar da ke gaban Effort driven mai sa a raba awanni, sannan ka mayar da leburan. Kwana 10 za su tsaya, awanni su zama 160. Wannan ita ce gaskiyar filin, domin mutum biyu za ka biya kuɗin yini goma. Rabon awanni ka bar shi ga aikin da hannu da yawa ke gaggauta shi, kamar haƙar fandishan.

Maman_Sadiq:
Jan mutumin nan gargaɗi ne cewa ka ɗora wa mutum fiye da awanninsa na yini, wataƙila ajujuwa biyu a rana ɗaya, awa 16. Akwai Level Resource, amma ka sani ba ta ƙara maka ma'aikaci. Tura aikin gaba kawai take yi ko ta tsinka shi, ranar kammalawa ta iya gusawa. Ni na fi son na buɗe Resource Usage na gyara da hannuna. Idan rabin yini mai wayarin yake ba ku, sa masa kashi 50.

Kuma ƙanena, ka duba kalandarka? Tana zuwa ne da Litinin zuwa Juma'a, awa 8 a yini, 40 a mako. Masu gini a nan suna fitowa Asabar, ranar Juma'a kuma a tashi da wuri. Ka shigar da wannan, da hutun Sallah, da ragin awannin azumi.

Baba_Kwangila:
Hajiya ta taɓo wurin da ya fi ci min rai. Ƙari ɗaya: in ka canja awannin yini a kalanda, ka canja su ma a cikin Options, sashen Schedule. In ba haka ba, yini mai awa 9 zai fito maka a kwana ɗaya da ɗoriya.

Sabon_Injiniya:
Allah Ya saka da alheri, Baba, na gode Hajiya. Filasta ta dawo kwana 10, awa 160. Da na shigar da Asabar kuma, ranar gama ta ta matso kusa. Saura mai wayarin, sai na ji daga bakinsa ranakun da zai iya ba mu.