Neman kalma: me za mu kira "fuel line" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya, kuma a ƙarƙashin mota na samo tambayar.

Kawuna yana da tsohuwar a-kori-kura, Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin Fijo ya fara aiki a 1975. Da ita yake kai gero da wake kasuwar Dawanau. Makon jiya muna tafe warin fetur ya cika gaban motar, ga ta kuma tana shiɗewa in an zo hawa. Muka lallaɓa zuwa gareji. Bakanike ya shiga ƙasa, ya fito hannunsa jiƙe da mai, ya ce, "Alhaji, Allah ne ya kiyaye ku. Wuri biyu take yoyo."

Na ɗauki waya zan aiki ƙanena Ƙofar Ruwa ya sayo abin da za a canza. Sunan abin a Turance na sani, sai na juya shi kai tsaye na rubuta masa cewa layin mai ne matsalarmu. Ya amsa: "Yaya, a wane gidan man kuke?"

Yana da gaskiya. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan mai lokacin wahalar fetur ya san abin da layin mai yake nufi. Wannan kalmar tana da mai ita, ba za mu ƙwace ba. Na cire ta tun daga nan.

Kafin ku kawo taku, bari in faɗi abin da muke neman yi wa suna, don ba abu ɗaya ba ne. Daga tanki, mai yana bin wani siririn ƙarfe mai rami da aka maƙale a ƙarƙashin mota har gaba. A bakin tanki, da wajen filta, da wajen famfon mai, da kuma bakin kafireta, guntayen roba ne suke haɗa shi, saboda inji yana girgiza, ƙarfe zalla zai tsage. Turawa duk wannan, ƙarfen da robar, suna ɗaya suka ba shi.

A motar kawu, ƙarfen ne tsatsa ta ci a daidai inda maƙalinsa yake tara laka, tsakanin tanki da famfo. A irin wannan motar famfon a jikin inji yake, zuƙo mai yake yi daga baya. Saboda haka in akwai huda a wannan ɓangaren, inji na aiki iska ce take shiga, in an kashe kuma mai ya riƙa ɗiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shiɗewar da take yi a hawa ke nan. Yoyo na biyu shi ya fi tayar mini da hankali: robar da ke tsakanin famfo da kafireta ta bushe ta tsattsage, kuma nan turo man ake yi, yana tsartuwa a kan inji mai zafi.

To, ga abin da na tattaro zuwa yanzu daga bakin waɗanda na riga na tambaya a cikinku.

Da yawa kun ce bututun mai. Hausa ce tsantsa, ba ta da aibu. Amma gidajen rediyo da jaridu sun riga sun ba ta aiki: in aka ce an fasa bututun mai, hankali yana tafiya Neja Delta ne, ko wanda ya taho da ɗanyen mai zuwa matatar Kaduna. Ta yi wa abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba girma.

Wani ya ce mesar mai. Mesa ta 'yan kwana-kwana ce da masu ban ruwa a fadama. Ita ma ta yi kauri.

Wata malama ta kawo jijiyar mai, kuma gaskiya ta burge ni. Famfo kamar zuciya, mai kamar jini, jijiya tana kai shi inda ake bukata. Na yini ina juya ta a baki. Da na koma gareji na gwada ta a kan bakaniken. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, na gane nufinka, amma in ka faɗa wa yaron shago haka, waya zai miƙo maka." Wato shi a kunnensa jijiyoyin mota su ne wayoyin lantarki. Kalmar da sai an bi ta da bayani kafin a ba ka kaya a kanti ba ta gama nuna ba. Zan ajiye ta don ranar da nake koya wa yaro yadda mota take aiki.

Sai na tambaye shi, "Oga, ku me kuke cewa?" Ya ce na ƙarfen fayif, na robar tiyo, wasu su ce hos. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna mana cewa tiyo daga Faransanci muka aro ta, kuma ta zauna daram a Hausa, daga Damagaram har Zariya kowa ya san ta. Ban ga dalilin korar ta ba.

Amma da ya ci gaba da bayanin aikin, ba tare da ya lura ba sai na ji ya ce, "Sai mun bi hanyar man gaba ɗaya tun daga tanki." Can kuma ya ce wa yaronsa, "Hura mu ji ko hanyar mai ta toshe." Ashe kalmar tana bakinsu. Kuma ginin Hausa ne sak, kamar hanyar ruwa da hanyoyin jini. Ta ɗauki ƙarfen, ta ɗauki robar. A motocin dizal da masu injekta, wato masu fesa wa inji mai ba ta kafireta ba, inda akwai ta biyu da ke mayar da ragowar mai tanki, sai a ce hanyar zuwa da hanyar komawa, ba a ƙirƙiro komai ba.

Abin da ya sa na nace sai mun rarrabe sunayen nan shi ne abin da na gani a kasuwa. In ka ce wa mai shago "ba ni tiyo" kawai, yana iya yanko maka na ruwa, ko farin nan da magina ke duba lebur da shi. Fetur yana cin irin waɗannan: wani ya kumbura ya yi laushi, wani ya ƙage ya tsage. Tiyon mai na gaske yana da zare a saƙe cikin robarsa, kuma sau da yawa akwai rubutu a jikinsa. Mai lamba 30R7 na motar kafireta ne, inda ƙarfin turin bai kai rabin bar ba (bar ma'aunin ƙarfin turi ne). Mai lamba 30R9 na injekta ne, inda turin yake kai wajen bar 3. Wanda ya sa na farkon a gurbin na biyun ya ɗaura wa motarsa wuta. Kuma kada a ce tiyon gas in ana nufin dizal, ko da yake gas muke kiransa a gidan mai, don na tukunyar girki za a kawo. A ce tiyon dizal, ko tiyon fetur.

Yadda aka yi gyaran, ga masu tambaya: an bar inji ya huce, aka cire kan batir, aka hana kowa matsowa da sigari. Ruɓaɓɓen fayif ɗin bai bari an kai shi wajen mai walda ba, bai kuma sa injin yankan ƙarfe ba saboda tartsatsi. Da ɗan abin yankan fayif na hannu ya cire wurin, ya ɗan buɗa bakin kowane gefe don kada tiyo ya zame, ya sa guntun tiyon fetur mai milimita 8, ya ɗaure kowane baki da kilif biyu. Ya gaya wa kawu ƙarara cewa wannan na wucin gadi ne, fayif ɗin gaba ɗaya yana son canji. Tiyon gaba kuwa sabo aka sa, har da filta. Aka tayar da mota, ya bi duk mahaɗan da busasshen tsumma yana dubawa.

Na san dabarun hanya: a goga sabulu a kan huda, a naɗe da robar tayar keke, ko a rataya galan a jawo mai kai tsaye zuwa kafireta. Sabulu yana iya fitar da mutum daga daji zuwa gari. Galan kuwa, don Allah a bari, musamman in akwai mutane a baya.

Ga inda na tsaya: hanyar mai ga dukanta daga tanki zuwa inji, fayif ɗin mai ga ɓangaren ƙarfe, tiyon mai ga na roba. Haka zan riƙa rubutawa daga yau. Makanikan Fanteka da na Ƙofar Ruwa, da 'yan'uwa na Nijar da Gana da Kamaru, in akwai wata kalmar da kuke amfani da ita a garejinku wadda ban ji ba, ku faɗe ta tare da garin da ake faɗinta. Wadda ta rage mini yanzu ita ce kilif ɗin nan da ake ɗaure tiyo da shi: wani dattijo ya ce maɗauri, yaron gareji ya ce zobe.