Neman shawara: walimar aure a Makka, yaya zan yi kada abinci ya tafi shara?

Maman 'Yan Biyu, Rusaifa:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Bayan aikin Hajji in sha Allah za mu aurar da babbar 'yata. Mun kama istiraha, wato gidan taro na haya, muna sa ran mutum 150, maza da mata. Dangin maigida sun kafe sai an yanka raguna goma sha biyar an kawo mandi, wato shinkafa da naman rago irin ta Larabawa, wai kada a ce mun yi rowa. Ni kuma abin da nake gani a bukukuwanmu yana ci mini rai. Tire guda mutum uku a kai, su ɗan yagi nama su tashi, sai a naɗe sufra, wato ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, da shinkafar da ƙashin da komai a cusa a baƙar leda. Ga robobin ruwa an sha rabi an watsar. Ba na son haka a bikin 'yata, ba na kuma son ɓacin rai da dangin miji. Yaya zan yi?

Mai Girki, Jidda:
Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu, Allah ya sanya alheri. Girkin biki sana'ata ce, bari in faɗa miki abin da na gani. Rago ɗaya matsakaici da shinkafarsa yana ƙosar da mutum goma sha biyar. Kin ga goma sun isa. Kuma ɓangaren mata ba sa cin mandi sosai, domin kafin a kawo abinci ƙarfe ɗayan dare sun cika ciki da gahwa, dabino, sambusa da kek. Abin da suke rububi shi ne namu na gida, waina da miyar taushe, funkaso, alkaki.

Amma ba yawan ragunan ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce fito da abincin gaba ɗaya lokaci guda. Tiren da hannu ya shiga ya tashi daga aiki, ba mai karɓarsa. Ki ce wa masu dafa miki su raba a ƙananan tire, a fito da kashi biyu cikin uku, sauran a bar shi a rufe da zafinsa. Ki sa yara samari su riƙa zaunar da mutane biyar ko shida a tire, kada kowa ya buɗe sabo. In ya ƙare a ƙaro. Wanda ba a buɗe ba ya zama abincin wani gida.

Baba Alhaji, Shara Mansur:
'Yata, a yi hattara dai. Baƙo ya taso daga Madina ko Ɗa'if ya tarar abinci ya ƙare, wannan abin kunya ne da ba a mantawa. Dangin mijinki mutuncinku suke karewa.

Mai Girki, Jidda:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Ai amfanin ajiye kason nan ke nan: wanda ya zo a makare zai samu sabon tire mai zafi, ba ragowar wasu ba.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, kada ki tunkari dangin miji da kanki, ki bar maigida ya yi maganar. Hujja kuma tana hannunsa. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31, ku ci ku sha, kada ku yi almubazzaranci. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf, wanda ɗan kasuwa ne, ya yi walima ko da akuya ɗaya. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa abincin mutum biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. In sun ga kamar rage raguna ƙasƙanci ne, a ce musu kuɗin biyar ɗin nan za a ƙara wa amarya a kayan ɗaki. Da wuya su ƙi.

Anti Nas, Aziziyya:
Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci asara yake tafiya, wajen kilo 184 ga kowane mutum a shekara, kuɗinsa kimanin riyal biliyan 40. Bukukuwanmu suna ciki, ba sai an faɗa ba.

Ki nemi ƙungiyar hifzun ni'ima, wato masu karɓar rarar abinci, da ke kusa da ku tun ana saura kwanaki, kada ki bari sai daren biki. Suna zuwa da mota da ma'aikata su ƙulla abincin da ba a taɓa ba su raba wa mabuƙata. Don Allah a kula da zafin garin nan. Dafaffiyar shinkafa ba ta son wuce awa biyu a waje, a irin zafin Makka ma awa ɗaya ce. Ko dai a raba ta a daren, ko ta shiga firij. Sadakar da za ta kwantar da yaro a asibiti ba sadaka ba ce.

Yaya Babba, Misfala:
Maganar ruwa: ki sayi ƙananan robobi, waɗanda ake shanyewa a tashi ɗaya. Ki ajiye leda biyu a bakin ƙofa, ɗaya ta robobi, ɗaya ta ragowar shinkafa da burodi. Masu kiwon kaji da tattabaru suna karɓar wannan da murna.

Maman 'Yan Biyu, Rusaifa:
Allah ya saka da alheri, na ji daɗi ƙwarai. Maigida ya karanta, ya ce zai je wurin yayansa ranar Juma'a. Tambaya ɗaya Mai Girki: in na ajiye robobin ɗaukar abinci, baƙi ba za su ji kunyar ɗauka ba?

Mai Girki, Jidda:
Kada ki bari su zuba da kansu. Ki sa 'yan mata su ƙulla tun a kicin, a haɗa da alkakin biki a leda ɗaya, a miƙa wa kowace mace lokacin sallama. Ki ware na masu gadi da masu share istirahar, nasu a fara ba su.