Zauren 'Yan Uwa na Makka da Jidda: maganar sola da batir

Baba Alhaji: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Faturar wutar watan nan, wato takardar kuɗin wuta, ta tayar min da hankali, tunda jikoki suka zo hutu mukayyif (AC) shida ba sa hutawa. Yaron nan ya nuna min wani bidiyo, wai gwamnati tana biya wa mutum kashi 30 cikin ɗari in ya sa sola da batir a gidansa. Wa ya san ofishin da ake zuwa?

Ummu Khalid: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma an turo min shi.

Injiniya Nura: Allah ya ja da ran Baba, wannan kashi 30 ɗin ba na nan ba ne. Na Amurka ne, ragin haraji ne ga mai gida, kuma shi ma an rufe shi a ƙarshen 2025. Ostareliya ma ta fara nata tallafin batir a Yulin 2025. Mu nan ba a cire harajin albashi, balle a ce za a rage maka. Abin da muke da shi shi ne Shamsi, shafin intanet na hukumar wuta da aka buɗe a 2021. Ka shiga, ka sa lambar addadinka, wato mitar wuta, ya lissafa maka abin da za ka rage. Aikin kuma sai ɗan kwangilar da ke cikin jerin waɗanda aka amince da su.

Baba Alhaji: To kuɗin fa? Ba a ba da komai?

Injiniya Nura: Ba a ba ka a hannu. Wutar da ta yi maka yawa da rana tana komawa layi, sai a rage maka a fatura, halala 7 kowane yunit (halala 100 ce riyal ɗaya). Kai kuwa halala 18 kake saye har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura sai a koma halala 30, ga dariba, wato harajin VAT, kashi 15 a kai. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cika saman soro don ka sayar. Ka sa daidai abin da mukayyif ke sha daga hantsi zuwa la'asar. Kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, ka ga kilowat 5 a kan halala 18 bai wuce riyal ɗari da 'yan kai a wata ba. Duba faturar, Baba, in kana haura 6,000 to lissafinka ya fi na kowa daɗi.

Aminu Shara Mansur: Mu 'yan haya fa?

Injiniya Nura: Sai da yardar mai gida. Kuma ka hau saman naku ka gani tukuna, tankunan ruwa da dish sun bar wuri?

Aminu Shara Mansur: Ko wurin shanya babu.

Usman Gadarif: Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don maganar batir ta taɓa ni. Baba, kai da ba a ɗauke maka wuta, me za ka yi da batir? Mu ne muke bukatarsa. Tun da yaƙi ya fara a Sudan a Afrilun 2023 wuta ta zama sai an dace, da aka kai wa madatsar Marawi hari da jirage marasa matuƙa a farkon 2025 kuwa, garuruwa suka yi kwanaki a duhu. Mahaifiyata tana da ciwon suga, allurarta sai a firij. Na tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta Sudan, aka sayo faranti da inbata da batura biyu masu ruwa, kowanne an rubuta 200Ah, wato ƙarfinsa, a jikinsa. Mai shagon ya rantse sababbi ne fil, araha ce kawai ya yi mana saboda zumunci.

Ba a jima ba ƙanena ya kira, ya ce kafin sha biyun dare inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya. Muka samu wani mai gyara ya je. Abin da ya fara yi, ya ɗaga batir ɗaya da hannunsa ya ajiye, ya ce a kawo sikelin da ake auna riɗi. Batir mai 200 na gaske yana kai kilo hamsin da wani abu zuwa sittin, saboda darmar da ke ciki. Namu bai kai arba'in ba. Ya kankare fentin gefen kan batirin da wuƙa, sai ga tsohon tsatsa a ƙasa. Tsofaffi ne aka wanke aka liƙa musu sabuwar takarda. Ba rasit, ba garanti, mai shagon kuma ya ce zafi ne ya kashe su. Zafin ma gaskiya yana kashewa, don a ɗakin kwano aka ajiye su ba taga, amma ba shi ya rage musu nauyi ba.

Abin da mai gyaran ya koya mana: mai ruwa ba a shan fiye da rabinsa. Bolt 12 sau 200 yunit 2.4 ke nan, naka a ciki 1.2 ne kacal. Litiyam kuwa kana shan kashi 80 ko fiye, ya yi shekaru. Da wannan muka maye gurbinsu, kuma tun lokacin firij bai tsaya ba. Duk mai iyaye a can, don Allah a auna batir a gabansa, a karɓi takarda.

Ummu Khalid: Innalillahi. Allah ya ba Inna lafiya, ya isar muku.

Malam Sani: Araha ba ta ado. Allah ya mayar da alheri.

Hajiya Rabi Jidda: Usman, ni ma 'yan uwana na Kasala nake tunani. In na saya nan zan iya tafiya da shi a jirgi?

Usman Gadarif: A'a Hajiya, jirgin sama ba ya ɗaukar babban litiyam a kayan fasinja. Sai ta ruwa, Jidda zuwa tashar Sawakin ta Sudan. Ki tambayi masu shahani, wato masu jigilar kaya, kuɗin kwastan kafin ki biya komai. In 'yan uwanki na da gona ko sana'a, su leƙa banki su tambayi murabaha, wato sayen bashi ta banki, ta ƙananan jari, a saya musu su riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Malam Sani: Ni dai ina ganin kafin sola, Baba ya hana jikoki kai mukayyif digiri 16. A bar shi a 24.

Hajiya Rabi Jidda: Malam, a Makka a watan Yuli? Kai da ke zaune a Ɗa'ifa ai dole ka ce haka.

Malam Sani: Wata uku kawai nake yi a can, Hajiya.

Hajiya Rabi Jidda: Su ne watannin zafin ai 😂

Injiniya Nura: Malam na da gaskiya ta wani gefen. Tsohon mukayyif na taga shi ke cinye fatura. Canza biyu zuwa sifilit mai inbata zai iya fin faranti saurin dawo da kuɗi. Sai abu ɗaya da masu talla ba sa faɗa: solar da aka haɗa da layi ba batir, in wuta ta ɗauke ita ma tsayawa take, don kada ta kama ma'aikacin da ke gyaran waya.

Aminu Shara Mansur: Tattabarun Makka fa? Na ga na maƙwabcinmu, fari fat da kashi.

Injiniya Nura: Su da ƙura. Kashi a kusurwa ɗaya ma yana rage ƙarfin farantin. A wanke bayan asuba yana da sanyi, ba da tsakar rana ba.

Baba Alhaji: Na duba, yunit 6,400 aka rubuta. Nura, ka shigo bayan isha'i ka hau saman ka gani. Batirin na fasa. Usman, ka same ni ta gefe, akwai gidan ɗan'uwana a Sinnar.

Ummu Khalid: Af, waɗanda ba su turo gudunmawar bikin ba, ranar Alhamis nake rufe lissafi.

Hajiya Rabi Jidda: Usman, ba ka faɗi mai ƙarfin nawa kuka saya ba, firij da fanka uku nake so ya ɗauka.