Neman kalmar Hausa: me za mu kira "public housing"?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Shekaranjiya na nemi taimakonku a kan kalmar da Turawa ke kira "public housing", wato gidajen da hukuma ke ginawa a birane ta ba masu ƙaramin ƙarfi a kan kuɗi mai sauƙi. A Ingila "council housing" suke cewa, don ƙananan hukumomi ne ke riƙe da su. Na gode da amsoshinku. Ga inda na tsaya, da dalilina.

2/ Mafi yawanku sun ce "gidajen gwamnati". Matsalar ita ce Bahaushe in ya ji gidan gwamnati, fadar gwamna ce ke zuwa masa a rai. "Kwatas" kuwa ta ma'aikata ce, in ka bar aiki ka bar gida. Waɗannan biyun na ajiye su.

3/ Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "gidajen talakawa". Wani malaminmu ya kawo ta, ya ce gajeriya ce kuma kowa zai gane. Allah ya gafarta malam, gaskiya ne za a gane, amma ina tsoron abin da za a gane ɗin. A Amurka, dokar 1937 ce ta kafa irin waɗannan gidaje, kuma da farko iyalan ma'aikata ne suka cika su. Daga baya sunan da ake kiransu da shi ya zama kamar zagi, ana jin sa sai a tuna ƙwaya da bindiga. Misalin da kullum ake kawowa shi ne Pruitt-Igoe a birnin St. Louis: benaye 33 masu hawa 11, aka buɗe su a tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe su a 1972. Ana ba da labarin kamar mazauna ne suka lalata wurin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kuɗin gyara daga kuɗin haya yake fitowa, birnin kuma yana ta rasa mutane da ayyukan yi. Ɗakuna suka zama wayam, haya ta ragu, na'urar hawa bene ta lalace babu mai gyarawa, masu ɗan hali suka kwashe kayansu. Wanda ya rage aka ɗora wa laifi.

4/ Sannan sunan bai ma dace da ko'ina ba. A Singafo, hukumar gidaje da aka kafa a 1960 ita ta gina gidajen da kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar ke ciki, yawancinsu ma saya suka yi. A Biyana ta Ostiriya masu matsakaicin hali na zaune a gidajen birni ba tare da jin kunya ba. Waɗannan za ka kira su gidajen talakawa?

5/ Don haka ni na zaɓi "gidajen rangwame". A ambato na farko a rubuta "gidajen rangwame na hukuma", daga nan a taƙaita. Rangwame kalmar ciniki ce, ba ta bara ba. Wanda aka yi wa rangwame ya biya, sauƙi kawai aka yi masa, kuma haka abin yake: mazaunan nan suna biyan haya. Faransawa ma a kan wannan ma'ana suka gina tasu, HLM, wato mazauni mai sassaucin haya. Wata 'yar'uwa ta ce "gidajen sauƙi" ta fi daɗin faɗa. Na yarda ta fi daɗi a baki, sai dai mai jin ta zai iya ɗauka ginin ne mai sauƙi, marar inganci.

6/ Saura kalma ta biyu, wadda kullum ke tafe tare da ta farko a wannan muhawara: "welfare abuse", wato yin ƙarya don karɓar tallafin gwamnati. Ita "welfare" tallafi ce, wannan ba gardama. Kada dai a ce sadaka, domin daga haraji ake biyanta kuma doka ce ta tanade ta. Wani ya ce a kira masu cin zarafin tsarin "cima-zaune". A nan kam ban yarda ba ko kaɗan. A 1976 Ronald Reagan, lokacin yana neman takarar shugabancin Amurka, ya riƙa ba da labarin wata mata a Cikago da ke karɓar tallafi da sunaye daban-daban. Matar ta wanzu, kotu ma ta kama ta da laifi. Amma laƙabin "sarauniyar tallafi" da aka sa mata ya bar ta ya manne wa miliyoyin mata, musamman baƙaƙen fata, waɗanda ba su taɓa cutar kowa ba. Cima-zaune haka za ta yi mana: ta bar laifin ta kama mutum, ta haɗa maƙaryaci da gurgu da uwar marayu a kwando ɗaya.

7/ Masu ƙarya don karɓar abin da ba haƙƙinsu ba suna nan, kuma ya kamata laifinsu ya sami suna. Ina tsakanin "ha'incin tallafi" da "zambar tallafi". Zuciyata ta fi karkata ga ha'inci, don ya haɗa da mai ɓoye abin da yake samu, zamba kuwa kamar sai an shirya makirci. Malaman Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo, wacce kunnenku ya fi karɓa?