Abin da Likitocin Ciki ke Cewa kan Ƙiba

Idan aka tattara shawarwarin likitocin ciki da hanji kan ƙiba, abu na farko da suke nanatawa shi ne cuta ce, ba lalaci ba. Da zarar ma'aunin BMI (wanda ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa) ya kai 30, sukan fara duba hanta, domin kitse na taruwa a cikinta shiru, ba ciwo ba alama, har ya kai ga lalata ta. Nan ne abin ya fi tayar min da hankali. Amma rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana kwantar da kumburin hantar sosai, ƙwannafi ma yakan lafa.

Sun yi kashedi kan ramewa da gaggawa, don tana haddasa tsakuwa a matsarmama.

Allurai irin su semaglutide suna rage yunwa, suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, shi ya sa tashin zuciya ke biyo baya. Idan aka daina, nauyi yakan dawo. Akwai balan-balan da ake sakawa a tumbi, galibi a cire bayan wata 6. Tiyata kuwa sai ƙiba ta yi tsanani, musamman tare da ciwon suga.