Neman kalma: yaya za mu ce "camping" da "campsite" da Hausa?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan naɗi shiri kan gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, hedikwatarsa na Serti a Taraba. Rahoton da nake fassarawa yana maganar baƙi masu kwana a bakin Kogin Kam: ba lantarki, ba famfo, kowa da tantinsa, girki a murhun duwatsu. Me zan kira wurin, me zan kira aikin? Na rubuta "sansani", amma raina bai kwanta ba.

Bakatsine: Gara da bai kwanta ba, Hajiya. Yau in aka ce sansani a cikin daji, mai sauraro 'yan bindiga zai hango, ko 'yan gudun hijira. "Kwanan daji" ma haka. Ki ce zango. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro a bakin ruwa madugu yake sauke su, su kwana, su wuce. Aikin kuma ya da zango.

Ɗan Damagaram: Mu nan "kampama" muka saba ji a bakin direbobin da suka riƙa kai baƙi gandun dajin W da ke kudu maso yammacin Nijar, daga Faransanci aka aro ta. Amma zango ya fi.

Malam na Zariya: A'a. Zango na mai wucewa ne, wanda gabansa ke da sauran tafiya. Waɗannan kuwa wurin suka nufa tun daga gida. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "makafar hema". Ma- ta wuri, kamar mashaya da majema. Aikin kuma "hemanci". A daina cewa tanti, Turanci ne aka lanƙwasa.

Bakatsine: Allah gafarta Malam, hema ɗin fa Larabci ce.

Malam na Zariya: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin malamai ba ɗaya yake da na jiya ba.

Alhaji Kumasi: Ku yi hattara da zango. Wurinmu unguwa ce ta dindindin, da masallatai da sarkinta. Kakanninmu sun ya da zango ne, ba su tashi ba har yau. Kuma ina jin ciwon yadda kullum Hausar Kano da Zariya ake ɗauka ma'auni, mu sai dai a ce mu bi.

Malam na Zariya: Alhaji, daidaitacciyar Hausa ba mu muka ɗora wa kowa ba, aikin hukuma ne.

Uwar Biyu: Alhazanmu duk "tanti" suke cewa a Mina, ba wanda ya ce Hausarsu ta gurɓace. Ni "hemanci" ne ban gane ba. Kunnena yana jin sa kamar sunan yare, ko sana'ar ɗinka hema. Tsohuwa a Gembu ta ji shi a rediyo, me za ta fahimta? Mashekari fa?

Bakatsine: Wannan na makiyaya ne da shanunsu, Yaya. A gandun da ake takaddama kan kiwo, kalmar za ta jawo wata magana.

Maman Hanifa: Don Allah a dawo kaina, dare na yi. Ga abin da na rubuta: "Baƙi kan ya da zango a bakin kogi, su kafa tantuna su kwana biyu ko uku." Wurin na kira shi "zangon baƙi". Sunan aikin ne na rasa, sai na kauce masa da jimla.

Alhaji Kumasi: Da "baƙi" a jiki, na yarda. Mu ma za mu gane.

Malam na Zariya: Jimla ba kalma ba ce, 'yata, ranar da aka ce ki rubuta kanun labari za ki dawo neman ta. Ki yi shirinki da zangon. Amma ko sau ɗaya ki ce hema a maimakon tanti.

Maman Hanifa: Zan sa ta a sakin layi na biyu, Baba.