Fuskar gado, allon gado ko majingini: me za mu kira abin da otal ke ratayewa a bayan gado?

Mai Tsara Ɗakuna:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya ga hoton ɗakin babban otal, abin da yake fara nunawa ya ce yana so a gidansa shi ne abin nan na bayan gado ta wajen kai, wanda Turawa ke ce wa hedbod. Na otal ya sha bamban da wanda muka saba. Ba a jikin gado yake ba, a bango aka rataye shi, gadon turo shi kawai ake yi ya tsaya a gabansa. Yakan zarce faɗin gado ya rufe har bayan durowoyin gefe biyu, kuma a jikinsa ake sa fitilar karatu da makunni da soket. In aka ce wa kafinta "fuskar gado", sai ya haɗo ta da gadon ya ɗaure da noti, aiki ya fito daban da abin da aka nema. Wane suna za mu ba shi wanda kafinta da mai kushin da mai wayarin za su gane abu ɗaya?

Malamin Hausa, Damagaram:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu nan Nijar masu sana'ar da Faransanci suke faɗa, tet da li, wato kan gado kalma da kalma. Kada mu ɗauko wannan. Kan gado ya riga ya sami gurbinsa a Hausa: in aka ce wane ba shi da kan gado, rashin hankali da tsari ake nufi. Ga kuma matsala ta biyu, wadda ta fi muni wajen aiki. Ki ce wa yaro ya sa fitila a kan gado, bisa katifa zai ɗora ta. Ni shawarata majingini, a kan awon mabuɗi da maɗauri da marfi, wato abin da ake jingina da shi.

Mai Zanen Gine-gine:
Malam, majingini kalma ce mai daɗin ji, amma ta kama aiki ɗaya ta saki sauran. A dubi inda abin ya bunƙasa. A otal ɗin da a da ake kira SAS Royal, na Kopenhagen a Danmak, wanda Arne Jacobsen ya zana aka buɗe a 1960, an adana ɗaki mai lamba 606 kamar yadda ya tsara shi. Katakon wenge ne, itacen da ke fitowa a dazuzzukan Kongo da Kamaru, aka bi jikin bango da shi a tsayi ɗaya. Durowoyi a jikinsa suke a maƙale, fitilu kuma a kan layin ƙarfe suke, mutum ya ja su zuwa inda yake son haske. Gio Ponti, wanda ya tsara otal ɗin Parco dei Principi a Sorrento ta Italiya, ya kwatanta nasa da gaban mota, inda komai ke kusa da hannun direba: fitila, makunni, wurin ajiye littafi. Jingina ɗaya ce daga cikin ayyukan. Ban da haka, kujera tana da majingini, matashi ma majingini ne, kalmar ba za ta kai kafinta ga bango ba.

Kafinta, Kano:
Ranka ya daɗe, gaskiyarka. A wurinmu fuskar gado ta gado ce, ita da ta wajen ƙafa tare ake yanka su. Wannan na bango kuwa allo ne, don faffaɗan katako ne shimfiɗaɗɗe da aka rataye. Ga yadda ake yin sa, ku gani ko sunan ya dace.

Gado shida da shida faɗinsa kamar santimita 183 ne. A ƙara 55 kowane gefe saboda durowa, ya kama 293. Fallen katakon da ake sayarwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato 122 da 244, don haka guda ɗaya ba ya isa. Kada a haɗa biyu mahaɗar ta faɗo a tsakiyar gado inda ido ke sauka. A yi shi gida uku: na tsakiya daidai faɗin katifa, biyu ƙanana a gefe. Kauri milimita 18, kuma irin wanda aka manne hawa-hawa. MDF, wato katakon garin itace da aka matse, ya fi araha da santsi, amma da ya sha danshin damina sai ya kumbura daga ƙasa, sukuru ya daina riƙe shi.

Tsayi daga saman katifa ake auna shi, ba daga ƙasa ba, nan ne da yawa ke kuskure. Baligi in ya zauna a gado yana bukatar kamar santimita 75 zuwa 80 kafin ƙeyarsa ta sami wurin sauka. In saman katifa yana 60 daga ƙasa, bakin allon ya kai 140. Ke nan fallen mai 122 in aka ɗaga shi 20 daga daɓe ya wadatar, kuma ruwan goge ɗaki ba zai taɓa shi ba.

Ratayewa: a sami katako mai faɗin santimita 10, a tsaga shi a tsaye da zarto a karkace, digiri 45. Rabi a ɗaure a bango bakinsa na kallon sama, rabi a bayan allon bakinsa na kallon ƙasa. In aka sauke sai su sarƙe, nauyin allon da kansa ke ƙara riƙe shi. Sukuru kowane santimita 40. A bangon bulo mai rami a nemi wurin da yake cike ko layin siminti, in ba haka ba robar sukurun za ta zare bayan 'yan watanni. A sa wani guntun katako mai kauri ɗaya a ƙasan bayan allon, don kada ya riƙa bugun bango duk lokacin da aka jingina.

Mai Ɗinkin Kushin:
Maigida, ina da ja a kan allo. Da zarar na shimfiɗa soso na ja yadi, babu wanda zai kalle shi ya ga allo. Soso mai inci 2 ne, mai tauri, a manne da gam, a rufa masa siririyar audugar roba don gefuna su yi laushi, sannan yadi mai rarar santimita 10 kowane ɓangare. Daga tsakiyar kowane gefe ake fara ɗaurewa a nufi kusurwa. Wanda ya fara daga kusurwa zai ƙare da tattara a tsakiya.

Tunda daga hotunan otal ake kwaikwayo, a lura da abin da bai dace da mu ba. Karan-miski mai maɓallai a lotse yana da kyau a ɗakin da tagarsa ke rufe kullum, ga masu shara kowace safiya. A hunturunmu kowane rami ma'ajiyar ƙura ne. Ledar da ake kira fata kuma zafi na sa ta ɓare, ta fara daga inda man kai ke taɓawa. Saƙaƙƙen yadi mai kauri, launin ƙasa ko toka, a dogayen layuka a tsaye, shi ya fi jurewa.

Malamin Hausa, Damagaram:
Jan mai kushin ya sa na sake duba allo, kuma na janye majingini. Allo daga Larabci ya zo, lauhu, ma'anarsa faffaɗan katako. Hausa ta daɗe da fitar da shi daga makaranta: muna da allon talla, allon waya, har allon kafaɗa, wanda ƙashi ne da tsoka ta lulluɓe, ba mai ganinsa, amma ba a fasa ce masa allo ba. In tsoka ba ta hana ƙashi zama allo ba, soso ba zai hana katako ba. Kuma allon gado ba baƙuwar magana ba ce, ana jin "ta jingina da allon gado". Aikinmu kawai mu raba su: fuskar gado ta zauna wa wadda ke jikin gado, allon gado ya zama na bango. Sai a siffanta: allon gado mai soso, allon gado na zallan katako, dogon allon gado in ya rufe durowoyi.

Mai Ɗinkin Kushin:
Na yarda, Malam, allon kafaɗa ya kashe bakina. Amma wanda ya tashi daga ƙasa har silin, bango guda, ni dai bangon gado zan ci gaba da ce masa, don gida shida ko tara ake ɗinka shi, ba allo ɗaya ba ne.

Mai Zanen Gine-gine:
Wannan ma a bar shi, yana da amfani. Abu biyu ga mai wayarin da maigida kafin a rataye allon gado. Makunni da soket a sa su a ƙananan allunan gefe, kamar santimita 15 sama da durowa, waya cikin bututu. Kada a yanka musu rami a cikin soso, don soso na kama wuta da sauri in soket ya yi zafi. Na biyu, bayan allon shi ne maɓoyar kuɗin cizo ta farko, shi ya sa masu feshi a otal nan suke fara dubawa. Kada a buga shi da ƙusa ko a shafe gefensa da gam. A bar shi a kan ratayar da kafinta ya bayyana, mutum biyu su iya ɗaga shi su sauke duk wata uku a share.

Mai Tsara Ɗakuna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ga yadda zan rubuta a takardar aiki, a gyara mini in da kuskure: dogon allon gado mai soso, gida uku, faɗi 293, bakinsa 80 sama da katifa, na ratayewa, ba a haɗa shi da gado ba.

Kafinta, Kano:
Ya yi, Hajiya. Ki ƙara kaurin katifar a takardar, don mai inci 8 da mai inci 12 ba wuri ɗaya za su sa a huda bango ba.